Kaico da Kaiso: Sharhi a Kan Da'awar Tushen Hausa a Waƙar Bikin Tirinidad

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da mai karatu kan ci karo da ita a littattafan da aka rubuta a kan kiɗe-kiɗen tsibiran Karibiyan. Maganar ita ce, wai waƙar nan ta ƙasar Tirinidad da duniya ta sani da suna kalifso, wadda masu ita suka fi kira kaiso, ta samo sunanta ne daga kalmar Hausa, watau kaico ko kaito. Duk Bahaushen da ya ji wannan sai ransa ya yi fari, domin ba ƙaramin abu ba ne a ce wata kalma tamu ta ƙetare teku a bakin bawa, ta rayu, har ta zama sunan fasahar wata al'umma. Amma daɗin magana daban, ingancinta daban, kuma mu da ke koyar da harshen nan mu ne ya fi kamata mu auna ta kafin ɗalibanmu su ɗauke ta a matsayin karatu.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna da'awar ta fuskoki uku, watau sauti da ma'ana da tarihin mutanen da aka kai tsibirin. Sa'an nan mu duba inda kiɗan bikin nasu ya yi kama da namu, da abin da kamar ke nufi. Daga ƙarshe mu komo gida, mu ɗauki Kalambaina ta nan Sakkwato a matsayin misalin aikin da ke jiranmu.

2.0 Bikin da Kiɗansa

Tirinidad tsibiri ne da ke gab da gaɓar Benezuwela. A 1783 hukumar Sifen, wadda ke mulkinsa a lokacin, ta buɗe ƙofa ga Faransawa masu gandaye daga tsibiran maƙwabta, suka zo da bayinsu da harshensu da kuma bikin Kanifal, wanda ake yi ranar Litinin da Talata kafin Kirista su shiga azuminsu na kwana 40. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1797, amma harshen talakawa ya ci gaba da zama Faransancin bayi har tsawon ƙarni na 19.

Bayan an kammala 'yanta bayi a 1838, sai 'yantattun suka mamaye bikin, suka shigo da nasu wasan da ake kira Kambule, ma'ana ƙonannen rake. Wasan yana tuna yadda akan tayar da bayi da dare a kora su kashe gobara a gonakin rake. Akan fito ƙungiya-ƙungiya da bakin wuta da ganguna, kowace ƙungiya da zaratanta masu karon sanda, wasan da ake kira kalinda, kowace kuma da mawaƙinta, shantuwel, mai zuga nasa da cin fuskar na wasu, jama'a na amsawa. A 1881 aka yi arangama tsakanin 'yan Kambule da 'yan sanda a Port of Spain, babban birnin ƙasar, a 1884 kuma hukuma ta kafa dokar da ta hana fita da wuta da ganguna da taron masu sanda. Da aka raba su da ganga sai suka koma buga gora a ƙasa, daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1930 zuwa na 1940, suka koma kan ƙarafa har suka gano yadda ake fitar da amo daga gindin duron mai. Shi kuwa shantuwel sai ya tashi daga titi ya shiga rumfa inda ake biya a saurare shi, ya sauya harshe daga Faransanci zuwa Ingilishi. Wannan shi ne mawaƙin kalifso. A cikin rumfar, idan mawaƙi ya yi abin a zo a gani, sai masu sauraro su ɗaga murya su ce kaiso.

3.0 Da'awar da Madogararta

Sunan kalifso ya fara bayyana a jaridun tsibirin ne a 1900, kuma tun tuni ake gardamar asalinsa. Wasu sun kai shi ga Faransanci, wasu ga Sifananci na Benezuwela, wasu ga harshen mutanen da Turawa suka tarar a tsibirin. Raymond Quevedo, shahararren mawaƙi da aka fi sani da Atilla, wanda ya rasu a 1962, ya tsaya a kan cewa kaiso ita ce kalmar asali, daga Afirka ta Yamma take, kuma kalmar jinjina ce. Errol Hill, a littafinsa The Trinidad Carnival na 1972, shi ne ya ƙarfafa danganta ta da Hausa, ya dogara da abin da ƙamus ya faɗa a kan kaico.

Ya kamata mu yi wa wannan ra'ayi adalci, domin yana da wata hujja mai jan hankali. A tsohuwar kalifso akwai wani salo na gasar baki tsakanin mawaƙa biyu, kowa na zazzaga wa ɗan'uwansa baƙar magana nan take, ana rufe kowane ɗiya da wani amshi na Faransanci da ya zama sunan salon, watau santimanite, ma'ana babu tausayi. Mu ma a Hausa mukan ce wa mutum ba ka da kaico, watau kai ka jawo wa kanka, ba mai tausaya maka. To, idan mawaƙi ya yi wa abokin karawarsa kaca-kaca, ba abin mamaki ba ne 'yan kallo su yi wa wanda aka kayar kaico na ba'a, da tafiya ta yi tafiya kuma kalmar ta juye ta zama yabo ga wanda ya yi kayen. Wannan ita ce hanya mafi ƙarfi da za a iya bi a kare da'awar, kuma mun kawo ta da cikakken ƙarfinta domin kada a ce mun kayar da gunkin da muka sassaƙa da hannunmu.

4.0 Awon Hujjoji

4.1 Sauti

Kalmar tana da siga biyu a bakin Hausawa, kaico da kaito, ta biyun kuwa sananniya ce a nan ƙasar Sakkwato. Ba mu da kaiso. Ka'ida ce sananniya a nazarin aron kalmomi cewa harshe yakan sauya sautin da ba shi da shi ne, ya musanya shi da mafi kusa, kamar yadda muka mayar da sautin farko na sunan Paris ya zama f. Amma Faransancin tsibiran yana da sautin c, Ingilishi ma yana da shi, balle t. Saboda haka babu abin da zai tilasta wa bakin mutumin Tirinidad ya mayar da kaico ko kaito ta zama kaiso. A ganinmu kamar ta fi ƙarfi a takarda bisa ga kunne. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana amfani da harafin c kamar yadda muke amfani da shi yau, wanda bai saba da ƙa'idar rubutunmu ba kuwa, idan ya ga kaico a rubuce, sauƙi ne idonsa ya kai shi ga kaiso.

4.2 Ma'ana

Kaico kalmar nadama ce da juyayi. Da ita ake karɓar labarin mutuwa ko hasara, da ita mawallafan waƙoƙin wa'azi ke tsoratar da mai saɓo, da ita mutum ke zargin kansa idan ya ce kaicona. Mu ƙaddara mutum ya tsaya a filin dambe da kaka, a Kalambaina ko wani gari na kewayen Sakkwato, makaɗi ya kama taken wani ɗan dambe har tsikar jama'a ta tashi. Zai ji kuwwa, zai ji guɗa, zai ji madalla da sai kai da gaishe ka, zai ga ana liƙi. Idan ya ji kaico, to an kayar da wanda ake so ne. Juyewar ma'ana da muka zayyana a sama abu ne mai yiwuwa, amma yiwuwa ba aukuwa ba ce, kuma tsakanin juyayi da jinjina akwai kogi wanda ƙamus kaɗai ba zai zama gadarsa ba.

A gefe guda kuma, wasu masana sun nuna cewa a harsunan Efik da Ibibiyo na yankin Kalaba akwai ka iso, ma'ana ci gaba, matsa gaba, abin da ake faɗa don ƙarfafa wa mutum gwiwa. A nan sauti ya dace ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba, ma'ana ma ta dace ba tare da an juya ta ba. Tabbatar da wannan aikin masanan waɗannan harsuna ne, amma idan an ɗora biyun a sikeli, ba sai an faɗa mana wanda ya rinjaya ba.

4.3 Mutane da Lokaci

A 1813 hukumar Ingila ta yi rajistar bayin Tirinidad, aka rubuta ƙabilar waɗanda aka haifa a Afirka, su kusan 14,000. Bisa ga lissafin da B. W. Higman ya fitar daga rajistar, Ibo sun haura 2,800, mutanen Kongo sun haura 2,400, waɗanda ake kira Moko, watau mutanen da aka ɗebo ta yankin Kalaba da maƙwabtansa, sun haura 2,200, Mandingo sun haura 1,400. Hausawa 109 ne, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Dalilin wannan a fili yake ga wanda ya san tarihinmu. Yawan Hausawa a jiragen bayi ya ƙaru ne bayan yaƙe-yaƙen da suka faro a 1804, lokacin da kamammu daga kowane ɓangare suka riƙa gangarawa ta Nufe da ƙasar Yarabawa zuwa bakin teku. Ingila kuwa ta haramta wa jiragenta cinikin bayi tun 1807. Shi ya sa mafi yawan mutanenmu Bahiya ta ƙasar Birazil aka kai su, inda suka yi ta tayar da ƙayar baya daga 1807. Hausawan da suka isa Tirinidad daga baya sun zo ne ta hanya biyu: wasu tsofaffin sojojin Ingila ne da aka sallama aka ba su filaye, wasu kuma suna cikin dubban mutanen da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku, aka sauke su Saliyo ko tsibirin St Helena, aka kai su ƙodago daga 1841 zuwa shekarun 1860. Maureen Warner-Lewis, a littafinta Guinea's Other Suns na 1991, ta nuna cewa jikokin waɗannan mutane sun riƙe wasu kalmomi da waƙoƙi na kakanninsu har cikin ƙarni na 20, kuma akwai Hausawa a cikinsu. Saboda haka zaman Hausawa a tsibirin tabbas ne. Abin lura shi ne, tsiraru ne, kuma akasarinsu sun tarar da kalinda da shantuwel sun riga sun kafu. Har ma akwai labarin baka da aka buga a 1956 daga bakin Mitto Sampson, mai cewa tun ƙarshen ƙarni na 18 wani mai gandu a Diego Martin yana da bawa mawaƙi, Gros Jean, da ake yi wa laƙabi da ubangidan kaiso. Labarin baka ne, ba a gina hukunci a kansa, amma ko shi bai goyi bayan da'awar ba.

Wani misali zai ƙara mana haske a kan hatsarin dogaro da kama. A tsibirin Carriacou na ƙasar Giranada akwai bikin Babbar Ganga, wanda ake yi tare da rabon abinci don tunawa da magabata, suna kiran rabon saraka. Da ji mun san sadaka ce, Balarabiyar kalma da Musulunci ya yaɗa a Afirka ta Yamma. Amma mu da d muke faɗarta, masu faɗa da r su ne Mandingo da danginsu. Kuma a cikin ƙabilu tara da ake yi wa rawa a bikin akwai Mandingo da Ibo da Moko da Kongo da Temne, babu Hausa. Ga kalma da muke amfani da ita kullum, amma harafi guda ya nuna ba ta hannunmu ta bi ba.

5.0 Inda Kamar Take

Idan mun saki kalma muka kama aiki, sai mu ga kamanni da suka fi ƙarfi. Shantuwel da ke tsaye bayan mai sanda, yana kiran sunansa, yana tuna masa waɗanda ya fasa wa kai, yana raina abokin karonsa, ba baƙo ba ne ga wanda ya saurari Ɗan Anace yana wasa Shago da kalangu, ko Kassu Zurmi yana zuga mazajensa. Aikin guda ne, watau cire wa namiji tsoron mutuwa da kirari, da jagora mai bayarwa da 'yan amshi masu karɓa. Ko Gambu, da ya yi suna da waƙar ɓarayi, yana da takwarori a can, domin 'yan Kambule mutanen bayan fage ne waɗanda masu hali ke ƙyama.

Haka nan bikin da ke ba talaka izinin ya sa tufafin babba ya kwaikwaye shi a bainar jama'a na ɗan lokaci yana tuna mana da tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kwana goma, inda yara kan fito da gemun auduga su yi wa tsoho da malami da gwauro ba'a, ba mai riƙe su da laifi. 'Yan kama da 'yan gambara su ma suna da irin wannan lasisi. Ta wajen kayan kiɗa kuma, wanda ya mayar da duron mai abin kiɗa ɗan'uwa ne ga wanda ya rufe gwangwanin kifi da fata ya yi kuntigi, irin wanda Ɗanmaraya Jos ya zagaya duniya da shi, da matan da ke kifa ƙwarya a ruwa su yi amada.

Amma a nan ma sai mun yi hattara. Bayarwa da amshi, da kirari, da zambo, da ba'ar shekara-shekara, babu ɗaya da Hausawa suka keɓanta da shi. Akwai su wajen Yarabawa da Ibo da Mandingo da mutanen Kongo, kuma karon sanda na kalinda masana sun fi danganta shi da yankin Kongo da Angola. Sarrafa gwangwani kuwa hikimar talaka ce a ko'ina, ba gadon ƙabila ba. Bugu da ƙari, akwai bambanci na asali. Zambon makaɗin fada, irin na Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, reshe ne na yabo, ana ƙasƙantar da abokin hamayya ne don a ɗaukaka ubangida. Mawaƙin kalifso ba shi da ubangida sai mai sayen tikiti, shi ya sa ya juya bakinsa kan hukuma, har Turawan mulki suka kafa dokar tace waƙoƙi a 1934, har kuma Atilla ya ci zaɓen majalisar dokoki a 1950. Abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne waƙoƙin siyasa na zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950, waɗanda babu mai cewa daga Tirinidad aka koyo su. Hali iri ɗaya ne ya haifi murya iri ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

6.0 Aikin da ke Jiranmu a Gida

Abin da ya ba masanan Tirinidad damar yin wannan gardama shi ne suna da abin dubawa. An fara ɗaukar kiɗansu a faifai tun 1912, muryar mawaƙa kuma tun 1914, jaridunsu sun riƙa buga labarin bikin shekara-shekara, kuma an rubuta har abin da 'yan kallo ke faɗa. Sun san unguwar da kiɗan duro ya girma, watau Laventille ta Port of Spain, sun san masana'antar mai da sansanin sojan ruwan Amurka na lokacin yaƙin duniya na biyu su suka wadata su da durorin.

Mu fa? Kalambaina gari ne na manoma a kusa da gulbin Rima, wanda dutsen farar ƙasa da ke ƙarƙashinsa ya jawo masa masana'antar siminti da ta fara aiki a 1967. Tun daga lokacin ma'aikata daga wurare dabam-dabam ke taruwa a wurin, ɗan manomi ya san albashi da aikin dare. Irin wannan wuri, inda ƙauye da masana'anta suka yi karo, shi ne inda kiɗa ke sauya kama. Me ya sami kiɗan gayya da na kalankuwa bayan samari sun sami abin yi da ba ya bin damina da kaka? Wa ke ɗaukar nauyin dambe da kokawa, mai gari ko mai albashi? Waɗanne take aka bari, waɗanne aka ƙirƙira? Dattawan da suka ga garin kafin 1967 suna ƙarewa, amsoshin kuwa a bakinsu suke.

Aikin David Ames da Anthony King na 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa, da ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙa, sun share mana fage ta wajen makaɗi da kayan kiɗa da matanin waƙa. Muna ba da shawara a ƙara fuska ta huɗu, watau bakin 'yan kallo. A tura ɗalibai filayen dambe da kokawa da hawan salla da tashe, su ɗauko kalmomin jinjina da na zuga da na juyayi yadda ake faɗarsu, a rubuta gari da kari da shekara da lokacin da aka faɗa a cikin wasan. Da muna da irin wannan kundi daga Sakkwato da Katsina da Kano da Zariya da Maraɗi, da maganar kaico ba ta tsaya ga ƙamus ba, da mun amsa ta da shaida daga fili.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa da'awar kaiso daga kaico take tana da rauni ta fuskar sauti, tana buƙatar a juya ma'ana kafin ta zauna, kuma adadin Hausawa da lokacin isarsu tsibirin ba su taimake ta ba, alhali ga wata kalma daga yankin Kalaba da ta dace ta fuskokin nan uku. Mun ga kuma cewa kamannin da ke tsakanin kiɗan bikinsu da namu na gaskiya ne, amma gadon Afirka ne na tarayya da kuma halin rayuwa iri ɗaya, ba shaidar cewa mu ne tushe ba. Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa malamai, idan za a kawo wannan magana a aji, a kawo ta a matsayin ra'ayi guda cikin ra'ayoyi, tare da rauninta.

Wannan ba ya rage wa mutum 109 ɗin nan daraja, ko waɗanda suka biyo bayansu. An raba su da garuruwansu, wataƙila wasunsu daga ƙasar nan da muke zaune, kuma lalle sun faɗi kaico a gonakin rake da ainihin ma'anarta. Hakkinsu a kanmu shi ne mu nemi sawunsu inda yake da gaske, kada mu liƙa musu abin da ba nasu ba don mu ji daɗi. Allah ya sa mu dace.